Shekarar da Na Yanka Reshen Baba Tanko

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi, wata magana ce da ta dawo kunnena daga wajen wani bikin suna a unguwar Ruwais, nan Jidda. An ce mata suna hira, wata ta ce ai Alhaji Isuhu mai yusur ɗiyarsa ce ta kashe masa kasuwa, ta yi boko ta dawo ta ce sana'ar ubanta ɓarna ce. An ce har da jikokina a wurin, kuma babu wanda ya musa, don ba su san da me za su musa ba. To, ku matso, 'ya'yana da 'ya'yanku. Ni ne Isuhun, da raina da hankalina, ido ne kawai ya yi rauni. Babu wanda ya kashe mini kasuwa, kuma Sakina ba ta taɓa buɗe baki ta kira sana'ata ɓarna ba. Abin da ya faru a shekarar nan ni na yi shi, da hannuna, ina sane, kuma yana cikin 'yan abubuwan da nake ɗaga kai idan na tuna.

Bari in fara da yusur, tunda ƙananan cikinku ba su san shi ba sai a suna. Baƙin murjani ne da ake cirowa daga ƙarƙashin Bahar Maliya, reshe-reshe kamar busasshen icce. Da shi muke yin carbi. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a huda, a goge da magagari har ƙwaya ta zama ƙwaya, sannan a dasa mata azurfa ɗigo-ɗigo, a shafa mai. Idan ya tsufa a hannun mai shi sai ya yi wani sheƙi mai ruwan zuma daga ciki. A zamaninmu, alhajin da ya koma gida bai kai wa malaminsa ko surukinsa carbin yusur ba, to tsarabarsa ba ta cika ba. Masu yin na jabu da roba suna nan tun da can, amma muna da gwajinmu: a gasa allura a ɗora a kan ƙwaya. Na gaskiya yakan yi ƙaurin gashin da ya ƙone. Shekara da shekaru ina shaƙar ƙaurin nan, ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa iccen teku da gashi ba.

Na zo Jidda daga Maraɗi ina saurayi, da niyyar in sauke farali in koma. Ban koma ba. Allah ya haɗa ni da Baba Tanko, wani tsoho Bahaushe haifaffen nan, wanda kakanninsa suka zo da ƙafa, yana da ɗan shago a unguwar Bagdadiyya. Mutum ne mai faɗa, ga ƙarancin yabo. Idan ka yi ƙwaya mai kyau sai ya juya ta a tafin hannu ya ce, “Ba laifi,” kai kuma ka yini kana murna. A bayan shagon, sama kusa da rufi, akwai wani abu dogo a naɗe cikin farin ƙyalle, rataye da igiya. Na daɗe ina ganinsa ban tambaya ba, sai ranar da ciwonsa na ƙarshe ya kama shi ya ce in sauko da shi. Reshen yusur ne guda, cikakke, ba a taɓa sa masa zarto ba, ya kai ni tsawo, gindinsa ya kai kaurin wuyan hannuna. Ban taɓa ganin mai girmansa ba, kuma ban sake gani ba.

“Wannan ita ce uwar reshe,” in ji shi. “Maigidana ya bar mini biyu. Ɗaya na yanka maka, shi ne carbin da ke aljihunka. Wannan ka ajiye. Ba ta sayarwa ba ce, ko sarki ya zo. Ranar da ka ga magajinka, ka sa ya riƙe maka, kai ka yanka. Yankan farko daga gindi, ka ɗora masa a tafin dama, ka ce masa ka ba shi hannunka. Daga gindin nan ake fitar da liman.”

Liman ita ce doguwar ƙwayar nan da ke kan carbi, inda zare yake haɗuwa. A al'adar masu sana'armu, carbin magaji dole limaminsa ya fito daga gindin uwar reshe, kuma da shi ake gane wanda maigida ya bar wa shago da suna. Baba Tanko ya gaya mini har wurin da aka ciro ta, wani zurfi a arewa da gari, da sunan da masu nutso na da suke kiransa. Na riƙe.

A gidanmu na unguwar Hindawiyya, wanda aka rushe, yanzu ba ya nan sai a bakinmu, babu mai shakkar wanene magajin. Harisu ne. Tun kansa bai kai teburin aiki ba yake tsince mini ƙwayoyin da suka faɗi, kuma da ya girma hannunsa ya fi nawa laushi wajen dasa azurfa. Wannan na faɗa a gaban mutane, na kuma rubuta shi yanzu don ya zauna. Sakina kuwa, ƙanwarsa, tata daban ce. Duk Juma'ar da muka fita bakin teku da tabarma da shayi, sauran yara suna wasan lilo, ita tana tsugune a kan duwatsu tana leƙen ramukan ƙaguwa, sai an ja ta da ƙarfi. Da ta gama karatun farko ta samu gurbi a jami'ar da ke bakin teku arewa da gari, a sashen masu binciken halittun ruwa, har aka koya mata nutso da tukunyar iska a baya, sanye da rigar da ta rufe ta ruf daga kai zuwa ƙafa. Uwarku Hajiya Rabi ba ta taɓa yafe mini wannan ba, ko da yake ita ce kullum mai cika mata kwanon abinci.

“Alhaji, kai ka ɗaure mata gindi,” takan ce. “Ɗiyar mutanen Maraɗi a ƙarƙashin ruwa? Mu da ko gulbi ya kawo gudu muke? Wannan wace irin lakkwal ce, makarantar da ake karatu da kifi?”

“Ummi, wallahi ƙarƙashin ruwa ya fi titin Madina aminci,” Sakina ta ce. “Can ba mai yi miki hon.”

“Ji ta! Mi za ki ce wa mijinki in ya tambayi aikinki? Ki ce ke kwaɗo ce?”

Ni dai dariya nake yi, amma a raina ina jin daɗi. Abokaina a kasuwa suna tsokanata, wai na haifi ɗiyar ruwa. Nakan ce musu su kawo tasu ɗiyar da ta san sunan kowane kifi da harshe uku, mu gwada.

Shekarar da nake ba ku labari, abubuwa biyu suka taho tare. Na farko, na yanke shawara cewa da zarar alhazai sun watse zan sauke uwar reshe in yanka wa Harisu, a yi walima, in koma gefe in riƙa shan shayi ina ba da umarni. Na gaya wa Hajiya, Hajiya ta gaya wa duniya, har 'yan'uwa na Makka sun fara tambayar rana. Na biyu, Sakina ta shiga babban bincikenta, wanda idan ta gama za a kira ta dakta, kuma abin da ta zaɓa ta bincika shi ne yusur. Da ta gaya mini na ɗauka zolaya ce. Ta ce a'a, ita da ta tashi da ƙurarsa a gashin kanta, wa ya fi ta cancanta? Ranar nan a shago ta ɗauki allura ta gasa, ta ɗora a kan wani guntu, ƙaurin ya tashi.

“Abuya, ka san me ya sa yake wannan ƙauri?”

“Don na gaskiya ne.”

“Don ba icce ba ne, ba kuma dutse ba. Dabba ce, ya'ani mai rai, mai ci. Ƙananan halittu ne masu yawa suke zaune tare, su suke gina wannan baƙin a cikinsu, kamar ƙashi. Abin da suke gina shi da shi ɗan'uwan ƙaho ne da farce.”

Harisu ya ɗago daga kan aikinsa ya ce, “Mabruk, barka, Baba. Ashe mahauta ne mu.” Muka yi dariya mu uku. Ina tuna dariyar nan sosai, domin an daɗe ba a sake yin irinta a shagon ba.

Bayan wasu makonni ta zo mini da maganar. Ba a shago ba, a gida, bayan an ci abincin rana, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda take yi tana ƙarama idan tana son wani abu. Ta ce yusur yana ƙara kauri ne fata-fata, kowace fata siririya a kan 'yar'uwarta, kuma idan aka yanka gindin tsohon reshe aka duba da madubin ƙara girma, za a iya sanin tsawon rayuwarsa da irin ruwan da ya sha a kowane zamani. Ta ce su masu bincike suna zaton girmansa yana da jinkiri ƙwarai, har abin da mai nutso zai sare a nutso ɗaya ba zai dawo ba a rayuwar jikansa, amma zato ba ya isa a je da shi gaban masu hukunci a ce a tsare wuri. Ana son tsohon reshe, cikakke da gindinsa, wanda aka san inda ya fito. Manyan da suka rage a teku 'yan kaɗan ne, kuma ita ba za ta sare mai rai don ta tabbatar cewa bai kamata a sare shi ba. Ni kuwa na riga na san inda maganar ta dosa.

“Abuya, uwar reshe nake roƙo.”

Hajiya ce ta fara magana, daga bakin ƙofar kicin. “To mi ne ne abin wahala? Abu ya kai mutum tsawo. A raba musu mana, kowa shi ɗauki rabi.”

“Gindin nake buƙata, Ummi. Nan ne shekarun farko suke.”

Harisu yana tsaye, ban ma san ya shigo ba. “Gindin shi ne liman,” ya ce. “Carbin da ba limamin gindi, na kasuwa ne. Khalas, ba wata magana. Baba ya riga ya yi alkawari.”

Gaskiyarsa, na yi. Na ce wa Sakina ta yi haƙuri, amana ce aka bar mini, kuma an faɗa mini yadda zan yi da ita. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Tayyib, na ji, Abuya.” Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ce abu ɗaya take so, in zo in ga wurin aikinta ko sau ɗaya, tunda ban taɓa zuwa ba. Wannan kam ban iya ƙi ba.

Na sa babbar rigata ta shadda da hular da nake zuwa Idi da ita, na ɗauki iƙamata, takardar zama, ta tuƙa mu. A ƙofar jami'a mai gadi ya duba takarda ya dube ni ya ce, “Baban duktura?” Ta ce masa tukuna, ba ta zama ba. Ni kuwa na ce masa e, shi ne. Ta shiga da ni wani ɗaki mai sanyi, cike da tankunan gilashi da injuna masu ƙugi a hankali. Matasa daga ƙasashe iri-iri suna ta miƙewa suna gaishe ni, malamarta ma ta zo, wata dattijuwa mai furfura, ta dafa ƙirji ta yi ta magana, Sakina tana fassara mini abin da ya fi sauƙi tana haɗiye yabon. Na gane yabo ne don kunnuwanta sun nuna. Sannan ta zaunar da ni gaban wani babban allo, ta ce wannan hoton da na'urarsu mai nutso ta ɗauko ne a zurfin da mutum ba ya daɗewa.

'Ya'yana, na yi fiye da rabin rayuwata ina riƙe da yusur, amma ranar nan na fara ganinsa. Ashe ba baƙi ba ne. Mai ransa fari-fari ne da ɗan kore, mai gashi-gashi, yana rangaji a hankali cikin ruwa kamar gero idan iska ta bi ta kansa. Kuma ba shi kaɗai yake ba. Ƙananan kifaye suna shiga suna fita tsakanin rassansa, wani ɗan kifi mai dogon baki ya kwanta a kan reshe yana gadi kamar gidan ubansa, ga wasu 'yan jatan lande da sai ta nuna mini da yatsa kafin na gan su, ga kawa, katantanwar teku, manne a jiki. Gari ne guda. Na ce Subhanallahi ban san sau nawa ba. Sai hoton ya wuce gaba, zuwa wani gangare, babu komai sai kututture-kututture gajeru, ruwan ma kamar ya yi shiru. Ban tambaye ta ko ina ne ba, na gane sawun masu sarar mana yusur ne.

A hanyar dawowa, abin da nake tunawa shi ne rassan da ake kawo mini. Zamanin Baba Tanko, mai kaurin babban yatsa shi ne na yau da kullum. Da na karɓi shago ya koma kaurin manuni. A 'yan shekarun nan kuwa, sai ƙaramin yatsa, har muna rage girman ƙwaya muna ce wa alhazai sabon yayi ne. Masu kawowa kullum kukansu ɗaya, sai sun ƙara nisa, sai sun ƙara zurfi. Duk wannan na sani tun kafin Sakina ta shiga jami'a, hannuna ya sani. Ban haɗa shi wuri ɗaya ba ne kawai. Kuma ku ji ni da kyau: ban ji kunyar sana'ata ba a ranar, ban ji ba har yau. Da ita na ciyar da ku, da halal, kuma ƙwayoyin da na goge suna hannun bayin Allah daga Agadas har Kano ana ambaton Allah da su. Amma mutum yana yin aiki da abin da ya sani, kuma ni an ƙara mini sani. Sai na ga idan na yanka wa Harisu uwar reshe na ba shi shago, na ba shi gadon abin da zai ƙare a hannunsa, shi kuma ya zama wanda ya sayi na ƙarshe.

Na kwana biyu ina istihara, ina juya maganar Baba Tanko. Cewa ya yi, ranar da ka ga magajinka. Bai ce ɗanka ba, bai ce mai shago ba. Shi kansa ba ɗansa ya ba wa ba, ni baƙo daga Maraɗi ya ba wa. Na tambayi kaina, a cikin 'ya'yana wa zai sa a ce akwai sauran yusur a duniya bayan ba ni? Amsar ba ta yi mini daɗi ba, amma ba ta canja ba.

Na gaya wa Harisu a shago bayan la'asar, mu biyu. Na ce reshen Sakina zan ba, kuma daga yau ba zan ƙara sayen sabon yusur ba, abin da ke cikin akwati mu ƙarasa, mu koma iccen zaitun da ƙwallon dabino da sandal. Na ce shagon nasa ne duk da haka, yau ma idan yana so. Ya daɗe yana kallon magagarin da ke hannunsa.

“Baba, na bar makaranta na zauna nan. Ba wanda ya tilasta ni, sahih, gaskiya ne. Amma na zauna.”

“Na sani.”

“Duk Jidda ta san za a yanka mini. Yanzu in fita in ce me? In ce ta nuna maka filim?”

“Ka ce ubanka ya ga abin da bai taɓa gani ba.”

“Shagon zaitun kowa yana da shi, Baba. Ni ba shago na jira ba.”

Ya goge magagarin da ƙyalle, kamar yadda na koya masa, ya mayar da shi gurbinsa, ya ajiye makulli a kan tebur, ya sumbaci kaina, ya fita. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Kafin watan ya ƙare ya samu wani kafili, uban gidan da zai tsaya masa, a garin Dammam, aikin sito, ya kwashe iyalinsa. Hajiya ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai “ga abinci.” Walimar da aka shirya ta zama abin da ba a ambato. Tsofaffin abokan cinikina, waɗanda suke zuwa kowace shekara daga Damagaram da Sakkwato da Abeshe, suka zo suka ga zaitun, suka yi mini addu'a, suka wuce shagon gaba. Sunan mai yusur ya zauna mini, yusur ɗin babu. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba Sakina ce ta sa mini farashin ba. Da ta ji Harisu ya tafi, da kuka ta zo ta ce ta fasa, in kira shi. Na ce mata ba ta isa ta fasa abin da ba ita ta yanke ba.

Ranar da muka kai reshen, ni na rungume shi a bayan mota cikin ƙyallensa, kansa ya leƙo tsakanin kujeru. Suna da injin yanka nasu mai kyau, amma Sakina ta roƙi malamarta a bar ni in yi yankan farko, su ƙarasa sauran. Na zo da zartona. Aka shimfiɗa reshen a kan dogon tebur, ɗalibai suka kewaye mu, wasu suna ɗaukar hoto. Wani saurayi ya kawo ƙarfen matsewa zai ɗaure gindin, na ce masa a'a, ba haka ake yi ba.

“Sakina, zo ki riƙe.”

Ta dube ni. Ta san al'adar sarai, a cikinta ta tashi.

“Abuya, wannan ba nawa ba ne.”

“Yalla, riƙe. Hannu biyu. Kada ki bari ya motsa.”

Ta riƙe. Na yi bisimilla, na yi wa Baba Tanko da maigidansa addu'a, na sa zarto. Ƙaurin nan ya tashi, ƙaurin shagonmu, a tsakiyar ɗakin jami'a. Da yankan ya faɗo, siriri kamar kwabo, na ɗauka na hure ƙurar, na kama hannunta na dama na buɗe tafin na ɗora mata.

“Na ba ki hannuna,” na ce.

Babu wanda ya ji Hausa a ɗakin sai mu biyu, amma babu wanda ya yi motsi. Daga baya suka goge yankan suka sa a ƙarƙashin madubi, suka kira ni in leƙa. Zobe ne cikin zobe cikin zobe, sirara, har ido ya gaji bai kai tsakiya ba. Da suka gama aunawarsu bayan watanni, Sakina ta ce mini lokacin da reshen nan ya fara tsiro, ba a haifi kakan Baba Tanko ba, wanda ya zo da ƙafa. Na ce ashe duk shekarun nan dattijo ne rataye a bayan shagona, ban taɓa gaishe shi ba.

Ta zama dakta. Na je, na zauna a layin gaba, Hajiya a gefena tana share hawaye tana cewa ita dama ta san ɗiyar nan za ta yi abu. Aikin nata ya shiga cikin abin da masu bincike suka kai gaba, kuma yau wurin da aka ciro uwar reshe yana cikin wuraren da ake sa wa ido. Ba zan ce reshena ne ya yi wannan shi kaɗai ba, mutane da yawa sun yi wahala a kai. Amma yana ciki. Shagon kuwa na riƙe shi shekaru bayan haka da zaitun da dabino, kuma idona ne ya rufe shi, ba kowa ba. Wata safiya Sakina ta ɗauke ni a jirgin ruwansu har saman wurin da aka ciro reshen. Ni ban ga komai ba sai shuɗin ruwa, ga babbar riga ta jiƙe. Ta faɗa ruwa da abokan aikinta, na zauna ina jan carbin da Baba Tanko ya yanka mini. Da ta ɓullo ta cire abin bakinta, tun kafin ta kama tsani ta ɗaga murya.

“Abuya! Akwai ƙanana! Sababbi, kamar tsawon yatsa!”

Na ce Alhamdu lillahi har matuƙin jirgin ya juyo. Waɗannan ƙananan, ni ba zan ga girmansu ba, ku ma ba za ku gani ba, watakila sai jikokin jikokinku. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

To, wannan shi ne labarin, duk wanda ya sake jin an ce ɗiyata ta kashe mini kasuwa ya karanta masa. Saura kai, Harisu, don na san za a kai maka, kuma na san za ka karanta ko da ka ce ba ka karanta ba. Kana zuwa kowace Sallah, kana sumbatar kaina, ba ka taɓa rage mini komai na haƙƙin uba ba, amma tun ranar nan ba ka sake taɓa magagari ba, kuma ba ka taɓa tambayar ƙanwarka aikinta ba. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Na yi maka alkawari na saɓa, a gaban mutane, kuma ka fi kowa cancantar carbin nan da ba a yi ba. Duk da haka, da za a dawo mini da shekarar nan, ita zan sake sa wa ta riƙe.

Amma reshe kawai na kai jami'a. Zartona na dawo da shi gida a ranar. Yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadona, da magagarai, da abin huda, da sauran wayar azurfar da ka bari a kan tebur. Duk Juma'a ina fito da su ina shafa musu mai da lalube, tunda ido ba ya gani sosai. Sakina ta taɓa roƙona a sa su a gilashi kusa da reshen, mutane su riƙa kallo. Na hana ta. Na ce mata waɗannan suna da mai su, bai dai zo ɗauka ba tukuna.